Ɗakin da Aka Bar Mini a Buɗe

A shekarar da aka yanke intanet a yankunan nan biyu na ƙasarmu masu Turancin Ingilishi, shekarar da 'yan ƙwallonmu suka ɗauko kofin Afirka har hon ɗin babura ya hana a ji ladan a unguwarmu ta Briketeri a Yaounde, wani mutum ya shigo shagona da akwatin kwamfuta rungume a ƙirji kamar mai kai jariri asibiti. Ya yi sallama, ya ajiye akwatin a kan benci, ya ce an gaya masa ina da layin intanet kuma ba ni da yawan magana.

Shagon yana layin teloli. Fotokopi nake yi, da buga wa mutane takardu, da hoton katin shaida. Asalina ɗan allo ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ajami ya koya mini, kuma da ajamin na fara cin abinci ina rubuta wa mutane wasiƙa zuwa Garwa da Kano. Boko da girmana na tsince shi, Faransanci kuwa a bakin titi.

Mutumin Bahaushe ne haifaffen wajejen Bamenda, Hausarsa da ɗan gishirin Pidgin a ciki. Na girme shi sosai. Shi yana ce mini Malam, ni ina ce masa Injiniya, har ya bar unguwar ba mu kira juna da wani suna ba. Shi ke kula da takardun wata makaranta ta unguwarsu, wadda ake haɗa karatun addini da na boko. Kafin abubuwa su lalace ya ɗauki hoton komai ya zuba a wannan akwatin: takardun haihuwar yara, da bulten na sakamakon kowane zango, da shaidar kammalawa. Daga baya aka rufe makarantar, ofishinta ya ƙone. Wa ya sa wutar, ban sani ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Muka sa injin a ƙarƙashin teburina, muka ja masa waya. Bai daɗe ba ya lura da ina fama da littattafan mahaifina. Na ɗauki hotunansu shafi-shafi saboda gara ta fara ci, amma hotunan sun yi nauyi, kwamfutata takan suma idan na ce ta rage su. Ya ce in kawo aikin kan injinsa. A nan ya gabatar da ni ga baƙin allo, inda babu hoto babu kibiya, sai rubutu kawai. Na ji daɗin ganinsa fiye da yadda ya zata. Allo da rubutu ai gidanmu ne.

A cikin baƙin allon akwai wani abu da ake kira tmux. Ya ce in ɗauke shi kamar gida mai ɗakuna. Kowane aiki ka buɗe masa ɗakinsa. Kana iya ɗora aiki, ka fito ka ja ƙofa, ka tafi sallah, aikin yana nan yana dahuwa. In ka dawo ka danna kontorol da b, sannan s, sai jerin ɗakunan ya fito, ka sauka da kibiya kan wanda kake so, ka shiga, ka tarar da komai yadda ka bari. Sharaɗi ɗaya ne, kada injin ya mutu. In wuta ta ɗauke masa, ɗakunan duka sun rushe.

Da farko na ba shi wahala. Kullum da safe sai in rubuta tmux in danna, ban san sabon ɗaki nake ginawa ba. Ran nan ya buɗe jerin, ya tarar da lambobi a jere babu mai suna.

Ya ce, "Malam, gidan haya kake ginawa ne? Wa zai biya impo, harajin gidajen nan?"

Na ce, "Ni dai na ga yana buɗewa."

"Jinjiri ma ran bakwai ake raɗa masa suna, massa. Wanne ne na littattafan Baba a nan?"

Ban sani ba. Sai da muka bi su ɗaya-ɗaya muna leƙawa. Daga ranar ya koya mini in raɗa wa ɗaki suna tun ina buɗe shi, kuma in duba jeri kafin in gina sabo. Nawa na sa masa littattafai. Nasa sunansa makaranta.

Wahala ta biyu ta fi zurfi. Mu an hore mu kada a bar littafi a buɗe a tashi, kuma allo in an biya karatu wankewa ake yi. Hannuna da kansa yake rufe komai in zan tashi, har aikin da bai gama ba. Yakan kama kai ya ce, "Malam, a nan ba a wanke allo. Ja ƙofa kawai, kontorol b, sai d." Na daɗe kafin zuciyata ta yarda in bar shafi mai sunan Allah a buɗe a cikin duhun inji in tafi gida.

Wata rana kibiyata ta zarce layi ɗaya, na faɗa ɗakinsa yana ciki daga ƙaramar kwamfutarsa. Abin da na danna ya shiga tsakiyar aikinsa. Shi dariya ya yi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, kamar na ɗaga labulen mutum ba sallama. Na ce gida ba ya yiwuwa babu zaure. Ya yi mini tsiya har ya gaji, amma ya buɗe ɗaki na uku, ya sa masa suna zaure, fili ne kawai da kowa zai iya rubutu a ciki. Muka yi ƙa'ida: wanda zai shiga ɗakin wani ya fara tsayawa a zaure ya rubuta sallama, sai an amsa. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa muke yin haka, teloli maƙwabta suna cewa mun haukace. A zauren na gane wani hali na tmux ɗin. In mutum biyu suna ɗaki ɗaya, allon yakan tsuke ya koma girman na mai ƙaramar kwamfuta, sauran filin ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ko ban waiga ba, in na ga geron na san Injiniya ya shigo.

Ɗakin makaranta ba kamar sauran ba ne. Takardun yaran a kulle suke da wata doguwar kalmar sirri da ke kansa shi kaɗai. In ya buɗe, suna nan a buɗe a cikin ɗakin har injin ya mutu, daga nan su sake kulluwa. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan tsanani. Ya ce a can yanzu sunan yaron da ke zuwa makaranta na iya jawo wa gidansu wuta, kuma a hanya ana bincikar wayoyi da kayan mutane. Ya ce, "Ko a kile ɗaya kada su fita daga injin nan." Kile shi ne ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashi takardu a sa aljihu.

Shekara ta zagayo, intanet ta dawo can, amma harbe-harbe suka yi yawa. Mahaifiyarsa tana wani ƙauye ta ƙi tasowa. Ya shirya zai je ya ɗauko ta. Ya bar wani aiki yana tafiya a ɗakin makaranta, na jera hotunan bisa sunayen yara, don haka bai kulle ba. A bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, ya ce, "Mako guda ne, Malam. Kada ka shiga, kada ka bari ya mutu." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Kwana biyu muna waya, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Kullum da safe in na buɗe jeri sai in ga layuka uku, littattafai, makaranta, zaure. Kibiyata takan bi ta kan na tsakiya in ɗauke ido.

Sai mutanen can suka fara cika Yaounde. Wasu suka sauka wajen dangi a nan Briketeri, wasu a unguwannin Madagaskar da Nkomkana, ɗaki ɗaya mutum goma. Da lokacin komawa makaranta ya matso, ko'ina suka kai yaro sai a ce ina akta, wato takardar haihuwa, ina bulten. Labari ya bazu cewa injin Injiniya yana shagona. Wani dattijo ne ya fara zuwa, da jikokinsa biyu a baya. Na ce masa mai ɗakin ba ya nan. Ya zauna a benci, bai yi gardama ba, bai kuma tashi ba har azahar.

Bayan sallah na tsaya a zaure na rubuta sallama. Na jira. Na sake, na sake. Ni na san hukuncin, in ka yi sau uku ba a amsa ba, komawa ake yi. Na karanta shi, na koya wa wasu. Amma na buɗe jeri, na sauka kan makaranta, na danna. Ɗakin yana nan yadda ya bari, har da rabin layin da ya fara rubutawa bai ƙarasa ba. Ban taɓa layin ba. Na buɗe wata taga a gefe, na nemi sunayen yaran yadda na sha gani yana yi, na tura wa firinta. Dattijon ya yi ta sa mini albarka, ni kuma ina jin albarkar tana wuce ni tana neman wani.

Daga nan abin ya zama aiki. Kowa ya zo, in yi sallama uku a zaure, shiru, in shiga. Ban karɓi ko sisi a kan takardun nan ba, ina zaton hakan zai rage mini nauyi, bai rage ba. Na kai maganar wajen limaminmu, ya ce lalura ce, babu laifi. Na yarda da shi a kai, amma duk sanda na ga rabin layin nan sai in ji kamar na tarar da tuwon mutum da ya tashi ya bari, na zauna a tabarmarsa.

Wuta kuwa ita ce fargabata. Delestaj, wato ɗauke wutar da ake yi unguwa-unguwa, ba ya sallama. Akwai ondilar, ɗan akwatin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, na ƙara masa batirin mota da wani bakanike ya haɗa mini. Na daina zuwa biki, na daina zuwa kasuwar Mokolo sayayya da kaina. Maiɗakina ta ga ina ramewa. Wata rana da ta kawo mini abinci ta tsaya tana kallon injin.

Ta ce, "Malam, ka kwashe su a kile mana, ka ba ni in sa a ƙasan akwatina. Wa zai buɗe akwatin zannuwana?"

Na ce, "Ya hana."

"Shiga ma ai ya hana."

"Shi ya sa. Na karya ɗaya, in karya biyu?"

Ta ce, "To Allah ya kyauta. Amma inji ne fa, ba dutse ba."

Na kawo mata hujjar sunayen yara da hatsarin da ke ciki, kuma hujjar gaskiya ce. Sai dai a ƙarƙashinta akwai wata da ban faɗa ba. Ina so in ya dawo in sami abu ɗaya da zan ce masa, wannan kam na riƙe. Fuskata nake tanadi, na sa mata sunan amana.

Cikin damina taransifomar layinmu ta yi ƙara ta ƙone. Aka ce gyara sai an kawo wata. Batir ya fara ja da baya. Na roƙi mai sayar da ƙanƙara na bayanmu ya ja mini waya daga janaretonsa, ya yarda, amma ya ce injin kaɗai, ban da firinta, don tana shan wuta kamar raƙumi.

A ranar Alhamis ɗin makon wata mata ta zo daga Nkomkana. Mijinta ya rasu a rikicin, 'yarta ce babba, tana ajin jarrabawa. An ce mata in ba ta kawo bulten na bara da akta ba kafin a rufe rajista, yarinyar ba za ta zauna ba. Na shiga ɗakin, na nemo takardun, ga su a allo, har ta sa yatsa ta taɓa hoton 'yar tata. Na ce firinta ba wuta, ta dawo Asabar.

Ta ce, "Malam, ka sa mini a ɗan abin nan in kai Mokolo a buga. Takarda biyu ce fa."

Na ce ba a fitar da su.

"To in ɗauka da wayata?"

Na ce wannan ma fitarwa ce. Na ce an yi alkawarin wuta gobe, ta yi haƙuri. Ta gyara mayafinta ta ce, "Kai ka san aikinka, Malam. Sai jibi."

Washegari na tafi Juma'a. Mai ƙanƙara shi ma ya tafi, man janareton ya ƙare muna cikin huɗuba, batirin da ya riga ya gaji bai kai mu sallame ba. Tun daga ƙofar shago na ji shirun. Fankar injin nan da na saba da gurnaninta har na daina jin ta, ranar na ji rashinta. Da aka zuba mai na kunna, na nemi jerin ɗakuna. Layi ɗaya ya fito da Turanci, ma'anarsa babu kowa, babu komai. Takardun suna cikin injin, a bayan kalmar da ke kan mutumin da ban san yana raye ko ya mutu ba.

Matar ta zo Asabar da sassafe, ta yi kwalliyar zuwa ofis. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Shekaranjiya fa na taɓa shi da hannuna." Rajista ta rufe, yarinyar ta koma taya wata mai tuyar beñe, fanken nan namu, a bakin unguwar Cité Verte. Da uwar ta zage ni da na sami sauƙi. Amma duk inda muka haɗu sai ta rusuna ta ce, "Malam, ina gajiya, ya iyali?" Wasu iyayen ma sun zo bayan haka na mayar da su hannu wofi, sai dai fuskarta ce ke zuwa mini a sujada.

Na sake buɗe littattafai, na sake buɗe zaure da sunansa na da. Makaranta ban buɗe ba, ba ni da abin sawa a ciki. Amma hannu ya riga ya saba. Kullum in na buɗe shago sai in tsaya a zaure in rubuta sallama, ba don zan shiga ko'ina ba. Layukan suka yi ta taruwa ƙasa da ƙasa babu amsa a tsakaninsu.

Wata rana bayan la'asar, rani ya riga ya shigo, ina zauren ina shirin fita, sai allon ya tsuke. Ya koma siriri kamar faɗin tafin hannu, gero ya cika sauran filin. Ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba. Na waiga, babu kowa a shagon. Sai haruffa suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, ana gogewa ana gyarawa.

"Malam. Har yanzu gidan haya kake ginawa?"

Na rubuta Alhamdu lillahi. Ya ce yana Gembu, kan tsaunin Mambila, shi da tsohuwa, da ƙafa suka tsallaka. An karɓe masa waya a hanya, lambata kuma ba ta kansa. Hanyar shiga injinsa daga nesa kuwa tana kansa kamar Fatiha. Yau ya sami aron waya mai intanet, shi ya sa allon ya zama haka.

Ya buɗe jeri, ya ce, "Ina makaranta?"

Na gaya masa duka, da shigar da na yi, da dattijon, da janareto, da matar Nkomkana. Ban rage komai ba.

Sai ya rubuta, "Takarda biyu, Malam? Ka buga wa rabin gari, ka hana ta ɗauka da waya?"

Na ce, "Ka ce kada su fita."

"Na ce mako guda kuma. Wannan ma ka riƙe?"

Sannan ya ƙara da cewa, "Ni na tafi da mabuɗi a kaina na shiga inda ake harbi. Da harsashi ya same ni fa? Na bar ka da ƙofa ba mabuɗi, na ce kada ka shiga. Wannan nawa ne, ka bar mini kayana. Na yarinyar naka ne, ba zan ɗauke maka ba."

Na ce na karɓa. Na ce shekara ta tafi, amma za a sake buɗe rajista, kuma na san gidan.

Ina kallo ya gina ɗakin, ya raɗa masa sunansa na da, ya shiga ya buɗe takardun. Ya dawo zaure ya nemi lambata, ya ce zai kira ya karanta mini kalmar a kunne, in haddace, kada in rubuta ko da ajami. Na ce wanda ya haddace izu sittin ba zai kasa riƙe layi ɗaya ba. Ya ce mu gani, tsufa ba ta san izu ba.

Daga nan na ga allon yana hawa sama. Layukan sallamata yake bi, yana wuce su a hankali a kan 'yar wayar aro.

"Waɗannan duk na mene ne? Ai babu ɗakin."

Na ce, "Akwai waɗanda suka fi su yawa, sun tafi da wutar. Ko ɗaya ba a amsa ba, kuma na shiga."

"To ni ma ashe da bashi a wuyana. Amsa sallama ai wajibi ne, kai ka koya mini. Sake yi, Malam."

Na gyara zama, na rubuta, "Assalamu alaikum."

Haruffan suka fito ɗaya-ɗaya, ba gogewa wannan karon. "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ta yau, da na baya duka, har da waɗanda wuta ta ci. Shigo."

Na danna kontorol da b, sannan s. Layuka uku suka fito. Na sauka kan na tsakiya, na yi Bismillah, na shiga na fara neman sunan yarinyar.